Ƙafar Rafali

"Wa ya dafa mini ƙashi?"

Ba da ƙarfi Injiniya ta yi tambayar ba, amma kowa a ɗakin tiyatar sai da ya sandare. Likita ya ɗago kai daga ƙafar da ya riga ya buɗe, safar hannunsa jina-jina, ya dubi ƙaramin teburin kayan aiki. An warware koren ƙyalle. A tsakiyarsa, inda ya kamata a ga wani farin abu mai siffar guntun kyandir, wani dunƙule ne rawaya ya tsuke ya lanƙwashe, ledarsa ta narke ta manne masa, sai ka ce cingam ɗin da aka tofar a kan yashi.

"Inna lillahi," in ji mai allurar barci daga bayan labulen da ya kare fuskar majinyaci. "Kada dai wannan ne abin da muka taru dominsa?"

"Shi ne," in ji Injiniya.

Sista ta matso. Dattijuwa ce, ta fi kowa daɗewa a sashen, duk almakashi da allurar da ke shiga ɗakin nan sai sun bi ta hannunta. Shi kansa Likita a gabanta ya koyi riƙe wuƙa.

"Ni ce na sa shi a tukunyar tururi," ta ce. "Da safe na tarar da shi a kan kanta, ba tef ɗin alamar tururi a jikinsa. Doka ɗaya gare ni tun ina budurwa. Abin da ban ga tef ɗinsa ya yi baƙin zane ba, bai isa ya shigo mini ɗaki ba."

"Akwai jan ɗigo a ledar, Mama."

"Na ga jan ɗigo. Na zaci ado ne."

Injiniya ta runtse ido. Jan ɗigon nan shi ne alamar an riga an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikin abin, ba da tururi ba, da wani haske mai ratsa leda, a wata cibiya mai nisa inda ake bin layi wata da watanni. Tururi kuwa ajalinsa ne. Abin da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana haɗawa kwaikwayon ƙashin mutum ne, rabi farin gari irin wanda ke sa ƙashi tauri, rabi zaren danƙo irin wanda ke hana shi tsagewa. Garin kaɗai tangaran ne, da ya faɗi ya fashe. Danƙon kaɗai roba ne, ba ya tsayuwa. Sai an haɗa su, an kuma bar ƙananan hanyoyi a ciki daga sama har ƙasa, domin jini ya shiga, ƙwayoyin ƙashi su biyo shi su yi gini. Shi ya sa a ɗakin gwajinta ake ce masa tsani. Danƙon nan kuwa ba ya shiri da zafi ko kaɗan.

Wanda ke kwance Rafali ne, alƙalin wasan ƙwallo, mutumin da gudu ne abincinsa. Motar kaya ta kwashe shi a kan babur, ƙashin ƙwaurinsa ya ragargaje, daga baya ya ruɓe, aka yanke ruɓaɓɓen aka bar gibi da ya ɗara tsawon yatsa. Sau biyu ana ɗebo ƙashi daga ƙugunsa ana cikewa, jiki na shanyewa. Manyan asibitin suka ce a yanke ƙafar kowa ya huta. Likita ne ya ƙi, ya haye bene ya ƙwanƙwasa ƙofar Injiniya. Kwanakin baya ya cika gibin da simintin tiyata, domin jiki ya saƙa tantani a kewayensa kamar hannun riga. Yau ya tsaga hannun rigar, ya fitar da simintin. Ga ɗaki an share, baƙon da za a saukar kuma ya dahu.

"A mayar da siminti a rufe," in ji mai allurar barci. "Ta sake yin wani."

"Leƙo ka ga fatar nan," in ji Likita. "Ɓawon albasa ya fi ta kauri. Wannan ce buɗewa ta ƙarshe da za ta ɗauka. In na rufe yau ba komai a ciki, ranar da zan dawo da zarto zan zo."

Sista ta dafa bango. "Likita, bari in fita."

"Ba inda za ki, Mama, hannunki nake so," in ji Injiniya. "Ki shimfiɗa mini tebur mai faɗi, ki kawo sabon almakashi. Kafinta, za ka iya riƙe shi?"

Haka take tsokanar Likita tun farkon haɗuwarsu, wai tunda kayan aikinsa guduma ne da zarto da kusa.

"Tambayi mai barci."

"Zuciyar ɗan wasa gare shi, tana bugawa kamar inji," in ji mai allurar barci. "Amma kada ki tsaya gaisuwa a hanya."

"Me za ki ɗauko?" in ji Likita.

"Shaidu."

"Ke! Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Ƙofa ce ta ba shi amsa, tana lilo.

Ta bi dogon baranda a guje, ta kauce wa mai tura keken marasa lafiya, ta ratsa filin ajiye motoci da hular tiyata a kai. Na'urar hawa bene a cike take, ta bi matattakala. Ba ta yi sallama ba ta faɗa ofishin shugaban sashe.

"Makullinka, Farfesa."

Farfesa ya ajiye kofin shayi. "Wane makulli? Ke ba kina tiyata ba?"

Ta gaya masa a numfashi uku. Fuskarsa ta canza.

Duk tsanin da Injiniya za ta yi, dogo take yin sa. Ta yanke na majinyaci a tsakiya, ragowar sama da ƙasa ta yayyanka su faifai-faifai, kowanne a cikin leda biyu, su je wurin haske tare su dawo tare. Su ake kira shaidu. Ba mai taɓa su. Hukumar da ta ba da izinin gwajin ce kaɗai ke da iko a kansu, ranar da ta ga dama ta aiko a ɗauka a bincika, a tabbatar abin da aka sa wa ɗan Adam mai kyau ne. In babu shaidu, babu gwaji. Shi ya sa firjin da ake ajiye su makulli biyu gare shi, ɗaya a wuyanta, ɗaya a aljihun Farfesa.

"Zauna," ya ce.

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya ki ji. Akwai mutane a layi bayansa. Matar nan da ƙari ya cinye wa cinya, da direban nan mai 'ya'ya rututu. In aka rufe mu, su fa? Ƙafa ɗaya za ki saya da ƙafafun jama'a?"

"Da su na hawo benen nan a raina, ranka ya daɗe. Amma su ƙafafunsu a rufe suke, muna iya tsayawa gaban hukuma mu yi musu faɗa. Wannan a buɗe take, ba ta jiran a kira taro."

"Ba a wannan siffar aka ba mu izini ba."

"Haɗi ɗaya ne, rana ɗaya na yi su, haske ɗaya suka sha. Yanka ne kawai bambancin. Kuma ba su za su ɗauki nauyinsa ba, ƙarfen da Kafinta ya ɗaura a gefen ƙashin ne."

Farfesa ya zaro makulli ya ajiye a bakin tebur, ya juya kujerarsa ya fuskanci taga.

"Ni ban ga komai ba. Makulli ya faɗi, wani ya tsinta."

"A'a. Tashi za ka yi ka murɗa da hannunka, ka gani da idonka. Yau ɗin nan zan kira hukuma in gaya musu da bakina. Ba na so ranar da aka tambaye ka ka yi ƙarya saboda ni, da furfurarka."

Ya yi tsaki, ya miƙe yana laluben takalmi da ƙafa. "Wai ke ƙashi kika karanta ko ƙashi kika zama? Wuce mu je."

A bencin da ke ƙofar ɗakin tiyata mata biyu ne zaune. Matar Rafali, siririya mai sanyin magana, ta ƙanƙame jakarta a cinya. Kusa da ita yayarsa ce, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, mace mai jiki da muryar da ake ji daga ƙofar asibiti. Likita ya leƙo ta ƙofa, hannuwa a sama kada ya taɓa komai, ya gaya musu abin da ya faru bai rage ba. Injiniya na tsaye tana haki, da ƙaramar kular ƙanƙara a ƙirji.

"Kun dafa?" Yaya ta miƙe. "Ƙashin ƙanin nawa kuka dafa? Nan asibiti ne ko gidan abinci? Ina wadda ta dafa ɗin, a nuno mini ita in tambaye ta ko ta sa gishiri!"

"Yaya, don Allah," in ji matar. Ta dubi Injiniya. "Mene ne a kular?"

"Ragowar abin da ya lalace, a yayyanke. Kin san yadda ake jera batura a tocila? Haka za mu jera su a cikin gibin, ɗaya kan ɗaya."

"Zai kama?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yi ba, ban kuma ji wanda ya yi ba. Na sama za su dace da juna, na ƙasa ma haka, domin jiki ɗaya na yanko su. Amma inda na sama da na ƙasa za su haɗu a tsakiya, ban yarda da wurin ba. In ya ƙi, za a yanke ƙafar. In ba mu sa ba, ita ma yankewar ce."

"Ji wata magana," in ji Yaya. "Ko ɗan daɗin baki babu?"

"Shi ya sa na yarda da ita," in ji matar. "Da za a shiga da shi ya ce mini, in ya farka ba ƙafa kada in yi kuka a gabansa. Ni kuwa na san kaina, ba zan iya ba. Ku sa."

"Au, ko shawarata ba za ki nema ba? Ni na wanke masa kashi fa!"

"To, Yaya, me kika ce?"

"Cewa na yi su sa mana! Me suke jira, su tsaya suna kallonmu?"

A ciki, Sista ta shimfiɗa tebur kamar yadda aka ce. Idonta jajur. Aikin mai wuya ne, domin ledar waje ta sha hannu ta sha firji, ta cikin ce mai tsarki. Sai a yanke ta wajen, a ɓare bakinta, ta cikin ta zamo kan tebur ba ta shafi komai ba. Ta yi na farko. Ta yi na biyu. Kamar tana ɓare ƙwai.

Injiniya ba ta da izinin taɓa majinyaci, saboda haka ta tsaya bayan jan layin da aka zana a ƙasa, ta harɗe hannuwa a baya, tana aiki da baki. A gefen kowane faifai akwai wata 'yar tsaga, ƙarama kamar cizon sauro. Abokan aikinta sun sha yi mata dariya a kan tsagar nan. Abin da zai ƙare a firji, wa ya damu da inda ya fuskanta? Ita kuwa kafin ta yayyanka sai ta ja siririn layi a jikin tsanin daga sama har ƙasa, domin ko bayan shekaru ta san wane faifai ne ke bin wane, kuma ta wace fuska. In aka jera tsaga kan tsaga, hanyoyin ciki sai su haɗu baki da baki kamar ba a taɓa yanka ba.

Likita ya zuƙo ɓargo daga ƙugun Rafali da doguwar allura, ya zuba a ɗan kwano, ya tsoma faifan farko. Kowa ya zuba ido. Ja ya fara hawa daga ƙasa, a hankali, yana bin ƙananan hanyoyin, har farin ya rine gaba ɗaya.

"Ikon Allah," in ji Sista. "Shan jini yake yi."

"Aikinsa ke nan, Mama. Kafinta, wannan a ƙasa, ya zauna daram a kan ƙashi. Tsagar ta dubi wajen ƙarfen. Juya kaɗan. Kaɗan na ce, ba ƙyaure kake kafawa ba."

"Ki bar ni in yi aikina, malama."

"Ya wuce. Dawo. Nan."

Suka jero daga ƙasa, suka jero daga sama. Mai allurar barci na ta duban na'urarsa yana gyaran murya, ba wanda ya kula shi. Gibin na tsukewa, ledoji na ƙarewa, har ya rage siririn wuri a tsakiya, a kan tebur kuma faifai ɗaya tal cikin ledarsa.

Likita ya dakata. "Tsaya, Sista, kada ki yanke. Injiniya, wurin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Zan kankaro ɓarɓashin ƙashi in cusa. Ki riƙe wannan ɗayan, ko ba komai kin sami abin nuna wa hukuma."

Injiniya ta miƙa wuya daga bayan layinta, ta leƙa cikin ƙafar.

"Nan ne ya fi ko'ina nisa da jini," ta ce. "Ta sama da nisa, ta ƙasa da nisa. In ka sa ɓarɓashi, jiki zai shanye shi kamar yadda ya shanye na baya. Yanke, Mama."

"'Yar nan, ki yi tunani. Ni na jawo miki, kada ki ƙarasa kanki."

"Na gama tunanin. Yanke."

Almakashi ya yi ƙas. Faifan ƙarshe ya sha ɓargo, ya shige wurinsa da ɗan matsi. Likita ya ɗinke tantanin a kansu, ya lallaɓa fatar nan mai kama da ɓawon albasa, ta yarda ta haɗu.

Ko hular ba ta cire ba Injiniya ta kira hukuma, a tsaye a baranda, Farfesa na gefe yana share gumi. Aka saurare ta har ƙarshe, aka ce an ji, a dakatar da ɗaukar sabon majinyaci, za a aiko. Daga nan ta nufi ɗakin tukunyar tururi. Ta sami Sista zaune a kan kujerar roba, ta zuba tagumi.

"Ki zage ni mana," in ji Sista. "Ko na ji sanyi."

"Mama, mutum nawa dokar nan taki ta hana ruɓewa a asibitin nan? Ni ce na kawo baƙo gidanki ban gabatar miki da shi ba." Ta ɓanɓaro jan ɗigo daga wata tsohuwar leda, ta manna a murfin tukunyar, daidai inda ido ke fara sauka. "Daga yau kun san juna."

Da Rafali ya farka, bai nemi ruwa ba, bai nemi kowa ba. Hannu ya miƙa ƙarƙashin mayafi yana laluba, har ya ji bandeji, ya ɗaga kai ya hango yatsu biyar a can ƙasa. Matarsa ta fashe da kukan da aka hana ta.

"Ba haka muka yi da ke ba," ya ce da dusasshiyar murya.

"Cewa ka yi in babu. Ai akwai."

Yaya ce ta ba shi labarin dahuwa, da ƙari da gishiri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya sa matarsa ta buɗe aljihun jakarsa inda katunan aikinsa suke, ya ce a kira masa Sista. Ta zo tana sunkuyar da kai. Ya ɗaga kati sama yadda ya saba a fili, ya ɗaure fuska.

"Laifin na jan kati ne, Mama. Amma an ce ke kika ɓare ledojin. Ruwan ɗorawa. Kada a kuma."

Sista ta karɓi katin ta sa a aljihun farar rigarta, tana dariya tana share ido.

Sai jira. Duk ranar ɗaukar hoton ƙashi, Injiniya na nan tsaye gaban allon haske tun kafin Likita ya iso. Da farko faifan a fili suke, ana iya nuna kowanne da yatsa. Sannu a hankali wani farin hazo ya fara tasowa daga ƙasa, wani daga sama, iyakokin suka fara ɓacewa. Amma a tsakiya akwai siririn baƙin layi, kuma ya ƙi motsi. Hoto ya bi hoto, yana nan.

"Layin tsakiyar fili ke nan," in ji Rafali daga kan kekensa. "Kowa ya tsaya a gidansa, ba mai son ƙetarewa."

Yaya ta ɗura masa madara har sai da ya fara ɓoye kofi a ƙarƙashin gado. Hukuma ba ta aiko ba, ba ta kuma ce komai ba, Farfesa ya rame. Matar nan mai ciwon cinya tana zuwa tambaya, Injiniya kan fito da kanta ta gaya mata gaskiya, ta raka ta har bakin titi.

Ran nan Likita ya kashe allon haske, ya zauna da nauyi. "Ina jin wurin nan ya mutu."

"Bai mutu ba, zaman banza yake," in ji Injiniya. "Ƙarfenka ya ɗauke masa duk nauyi. Ƙashi ba ya gini inda ba a neme shi da aiki ba. Ka bar shi ya fara takawa."

"In faifan suka murƙushe fa?"

"In suna nan yadda na sa su, za su murƙushe. In jiki ya shiga cikinsu, ba za su yi ba. Dubi hazon nan, Kafinta. Ba nawa ba ne. Ni ban yi abu mai haske haka ba."

Likita ya sake kunna allon, ya daɗe yana kallo. Shi ne mai yanke hukunci, kuma ya yanke. Aka kawo sikelin awon nauyi irin na banɗaki, aka ajiye a gaban gado. Rafali ya riƙe sanduna, ya ɗora ƙafar, ya danna har allura ta kai inda Likita ya manna tef, ya ɗaga. Kullum haka, safe da yamma, matarsa a durƙushe tana duban allura.

"Ya isa! Ka wuce tef!"

"Sikelin nan ƙarya yake yi."

"Kai ne alƙali a fili, nan ni ce."

Tef ɗin ya riƙa matsawa gaba. A hoto na gaba, baƙin layin ya yi toka-toka a gefe ɗaya. A na bayansa ya tsinke gida biyu. Likita ya ga Injiniya ta dafa allon da tafin hannu, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Ranar da aka ce ya ajiye sanduna, da hantsi, ɗakin motsa jiki ya cika. Farfesa ya sauko daga bene. Sista ta bar tukunyarta. Likita ya ɗaga sabon hoto a jikin taga, kowa ya matso. Ƙashi ne guda, fari, daga gwiwa har idon sawu, da ɗan kumburi a tsakiya kamar gaɓar kara.

Yaya ta kanne ido ɗaya. "To ina baturan naki? Ban ga ko ɗaya ba."

"Jiki yana cinye su, yana gina nasa a wurin," in ji Injiniya. "Nan gaba ko ƙurarsu ba za a samu ba."

"Ikon Allah. Ki sha wannan wahala, abinki ya ɓace? To ke me kika samu?"

Injiniya ta nuna da haɓa. Rafali ya miƙa wa matarsa sanda ɗaya, ya miƙa mata ta biyun. Ya tsaya. Ya yi tangaɗi kaɗan, Likita ya kai hannu, ya ture shi. Ya ɗaga ƙafar lafiya, duk nauyinsa ya sauka a kan ɗayar, ta ɗauka. Ya tafi yana ɗingishi, gumi na tsiyaya, leɓe a cije, har ya taɓa bangon ƙarshen ɗakin, ya juyo. Yaya ta zube a kan tabarmar motsa jiki tana kuka tana zaginsa, wai tun yana yaro ba ya jin magana, da ya bi ta tata da bai hau babur ba. Farfesa ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Likita ya dubi Injiniya, ya ɗan rusuna mata.

"Salamu alaikum."

Wani mutum ne a bakin ƙofa, dogo, cikin kwat mai ruwan toka, ba wanda ya san shi. A hannun dama yana riƙe da kular ƙanƙara mai hatimi, sabuwa fil. Bai yi murmushi ba.

"Wace ce Injiniya? Daga hukuma aka turo ni. Na zo karɓar shaidu."

"Ni ce," ta ce, ta tako gaba. "Na gaya muku tun ranar. Babu ko ɗaya."

"An gaya mini kin ce haka. An ce in zo in gani da idona. In babu, in rufe ɗakin gwajin yau."

Rafali ya saki bango. Ya ratso ɗakin yana ɗingishi, ba sanda, ya tsaya tsakanin baƙon da Injiniya, ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa. Dogon tabon ya bayyana.

"Malam, a nan aka ajiye su. In za ka iya ɗauka, bismilla."

Baƙon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya ajiye kular a ƙasa, ya sa hannu a aljihun kwat, ya fito da ƙaton kwaɗo da makullinsa.

"Ta ina ake hawa benen?" ya ce.